Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisun Gudanarwa na Jami'o'i da Kwalejojin Jihar Kaduna: Kada Kundayen Tarihi Su Shiga Gwanjo

Zuwa ga shugabanni da mambobin majalisun gudanarwa na jami'o'i, kwalejojin ilimi da kwalejojin kimiyya da fasaha da ke Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi.

Mu ma'aikatan ɗakunan karatu ne da masu kula da tsofaffin takardu. Mun san irin matsin da makarantunku suke ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tafiyar da komai ya ninka, a watan Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit. Duk ma'ajin da ya zauna gaban irin waɗannan takardun bashi dole idonsa ya fara zagaye makaranta yana neman abin da za a iya mayarwa kuɗi. A ƙasashen waje wannan neman ya sha kai hukumomin makarantu ƙofar ɗakin da ake ajiye littattafan da ba su da na biyu. Ba mu ce wata makaranta a jihar nan ta sa nata a kasuwa ba. Gemun maƙwabci ne muka ga ya kama da wuta, shi ya sa muka zo da ruwa tun yanzu. Roƙonmu shi ne ku rubuta a cikin dokokinku cewa kundayen rubutun hannu da tsofaffin littattafai da jaridu da takardun tarihi ba sa cikin kadarorin da ake sayarwa don biyan buƙatun yau da kullum.

Ku dubi yadda ta kaya ga waɗanda suka riga mu gwadawa. A Amurka, kwalejin Mills da ke Kalifoniya ta shiga matsin kuɗi, ta fitar da bugun farko na wasannin Shakespeare, na shekarar 1623, aka yi gwanjonsa a kamfanin Christie's a watan Oktoban 2020 kan kusan dala miliyan 10. Wata biyar bayan haka kwalejin ta sanar cewa za ta daina ɗaukar sababbin ɗalibai, a 2022 kuma jami'ar Northeastern ta haɗiye ta. A Ingila, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Charles Turner ya ba jami'ar Keele tsofaffin littattafan lissafi kimanin 1,400 a shekarar 1968, har da waɗanda suka fito daga ɗakin karatun Isaac Newton. A 1998 jami'ar ta sayar wa wani dillalin littattafai su duka kan fam miliyan 1, masana lissafi suka yi ta kuka, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 2013 Jami'ar Landan ta shirya sayar da tsofaffin bugu huɗu na Shakespeare da Sir Louis Sterling ya ba ta a 1956 bisa sharaɗin su zauna a ɗakin karatunta. Mutane suka taso mata, ta janye, bayan ta riga ta zubar da mutuncinta a idon masu ba ta kyauta.

Dalilin da ya sa cinikin ba ya fitar da kowa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi. Bashin wuta da na dizal da albashin ma'aikatan wucin gadi kowane wata suke dawowa, kundi kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. A ce makaranta tana shan yunit 100,000 a wata. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, naira miliyan 22.5 ke nan, a shekara miliyan 270. A ce kuma an yi sa'a gwanjo ya kawo miliyan 200. Wutar wata tara ma ba za ta biya ba. Wata na goma takardar bashi za ta sake zuwa, a iske kantar littattafai babu komai. Manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo da bazara ya ƙoshi daren nan, amma ranar da ruwan shuka ya sauka zai san abin da ya yi.

Kuɗin da ake ji a labarai ma ba shi ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Manyan kamfanonin gwanjo suna ɗora wa mai saye la'adar da kan kai wajen kashi 25 cikin 100 a kan kayan da ba su kai miliyoyin daloli ba, kuma da ita ake haɗa farashin da jaridu ke bugawa. Daga abin da ya rage sai a cire la'adar mai sayarwa, kuɗin inshora, na ɗaukar hoto da na jigila. Ga kuma wata matsala tamu ta musamman: kundayen Afirka ta Yamma ba su da tsayayyen farashi kamar tsofaffin littattafan Turai. Dillalin da zai zo ya yi muku ƙima shi ne mai son saye, ya san abin da ke cikin kwalin, ku ba ku sani ba. Idan ya kwashe, rarraba su zai yi. Alƙur'ani mai zayyana zai tafi wurin mai kuɗi, wani lokaci ma a raba shi warƙa-warƙa domin kowace a sa ta a firam ta fi kawo riba, sauran wasiƙu da waƙoƙin ajami da ba su da ado su ƙare a inda babu wanda zai sake jin labarinsu.

Sai maganar doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa rubutun hannu da takardun da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana sayar da irin waɗannan ga kowa in ba wakilin da hukumar ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da su waje sai da izininta. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta shimfiɗa yadda ake rabuwa da kadarar gwamnatin tarayya, ba a yi a ofis tsakanin mutum biyu. Takardun hukuma kuwa akwai dokar adana su ta 1992. Majalisar da ta sa hannu a kan ciniki ba tare da ta duba waɗannan ba, ta jefa ma'aikatanta cikin abin da zai bi su har bayan ritaya.

Abin da ya fi doka nauyi a wurinmu shi ne amana. Yawancin kundayen da ke ɗakunan karatu na Arewa ba da kuɗin makaranta aka saye su ba. Iyalan malamai da alƙalai da sarakuna ne suka kawo, wasu kyauta, wasu aro don a ɗauki hoto, wasu ajiya saboda suna tsoron gobara da gara a gida, wasu kuma wakafi. Waɗannan huɗun hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Aro da ajiya har gobe na masu su ne, ba a sayar da abin da ba a mallaka ba. Wakafi kuwa malamanmu na Malikiyya sun tsaya a kan cewa sharaɗin wanda ya yi shi abin kiyayewa ne, kuma ko da abin da aka yi wakafinsa ya lalace har aka halatta sayar da shi, a irinsa ake mayar da kuɗin, ba a sayen dizal ba. Ranar da labari ya bazu cewa wata makaranta ta sayar da littattafan da wani gida ya damƙa mata, daga Zariya har Yola babu gidan malamai da zai sake buɗe wa mai bincike akwatinsa. Wannan yardar shekaru aka yi ana gina ta, tun daga aikin tattara tarihin Arewa da aka fara a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a 1970 a gidan Sardauna da ke nan Kaduna.

Wani zai ce a ɗauki hoton komai a sa a kwamfuta, sannan a sayar da na asali. Muna so ku ga abin da hoto ba ya ɗauka. Ku ɗaga warƙa ɗaya ta kundin ƙarni na 19 ku sa ta tsakaninku da hasken taga. Sau da yawa za ku ga siffar jinjirin wata har guda uku a jere cikin jikin takardar, wani lokaci da sunan Andrea Galvani, masu yin takarda a Fordenone ta ƙasar Italiya. Wannan tambarin shi ke gaya wa masani ta hanyar da takardar ta zo da kuma zamanin da aka yi rubutun, domin da yawa daga masu kwafe littattafai ba sa sa shekara. Ku dubi ƙasan shafi daga hagu, akwai kalma ɗaya ita kaɗai: kalmar farkon warƙa ta gaba ce, da ita ake gane jeri, saboda kundayenmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato bangon littafi mai tauri, a zura a gafaka. Ku shafa tawadar da ido: ta gawayi da ƙaro a saman takarda take zama, ta bagaruwa da ƙarfe kuwa shiga take yi, har ta ci takardar idan ta ji danshi. Duk mai son tabbatar da cewa wata waƙa ta Nana Asma'u ko wata wasiƙa ta zamanin Sarkin Musulmi Bello an kwafe ta a zamaninsu ne ko daga baya, sai ya riƙe takardar a hannunsa. Kundayen Malam Umaru Falke na Kano, sama da 3,000, suna jami'ar Northwestern a Amurka. An adana su da kyau, an yi musu rajista, amma ɗalibin Kano da ke son ya ɗaga warƙa ɗaya a hasken taga sai ya nemi biza da kuɗin jirgi.

Ba ajami da Larabci kaɗai muke nufi ba. Cikakken jerin Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da New Nigerian tun daga 1966, da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da aka buga a Zariya a shekarun 1950, da rahotannin binciken noma na Samaru, da taswirorin gundumomi, da rajistar ɗalibai ta farkon kafa makarantu, duk suna cikin abin da idan ya tafi ya tafi. Wanda ya taɓa zama a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya ga yadda lauyoyi da masu neman sarauta da masu rikicin iyaka ke zuwa neman fayil ɗaya na zamanin En'e, domin shari'arsu a kansa ta rataya.

A gaskiya ma, ranku ya daɗe, gwanjon Landan ba shi ne ya fi ba mu tsoro ba. Wanda ya fi kusa shi ne ƙaramin gwanjon cikin gida. Ana son ɗaki don a mayar da shi ajin kwamfuta, sai a kafa kwamitin fitar da kayan da suka tsufa, a haɗa karyayyun kujeru da matattun injinan buga takardu da ɗaurin tsofaffin jaridu a rubuta su a layi ɗaya. 'Yan gwangwan su auna a sikeli su biya kuɗin kilo. Bayan mako guda jaridar 1950 tana hannun mai ƙosai ko mai tsire. A irin wannan kwamiti sau da yawa ba a sa ma'aikacin ɗakin karatu, kuma tun da babu rajista, babu wanda zai iya cewa ga abin da ya ɓata. Rashin rajistar nan ita ce kuma ƙofar ɓarawon cikin gida, mai zare warƙa goma yau, ashirin gobe.

Saboda haka aikin farko ƙidaya ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowane kundi a ba shi lamba. A rubuta sunan littafin da na mawallafi in an sani, da harshe, da yawan warƙoƙi, da tsawo da faɗi a santimita, da kalmomin farko da na ƙarshe, da tambarin takarda, da irin lalacewar da ta same shi. A sa wa kowace warƙa lamba da fensir mai laushi a kusurwa, kada a kuskura a yi da biro. Sannan, abin da aka fi mantawa, a rubuta ta yaya ya shigo: saye, kyauta, aro, ajiya ko wakafi, daga wane gida, a wace shekara, a kuma haɗa kwafin takardar yarjejeniya idan akwai. Inda babu takarda, a nemi magada a rubuta sabuwa tun dattawan da suka san maganar suna raye. Mutum biyu, ɗaya mai karanta Larabci da ajami, za su iya yi wa kundi goma sha biyar zuwa ashirin irin wannan rajista a yini. Kwafin rajistar ɗaya ya zauna a ɗakin karatu, ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin mai binciken kuɗi, a riƙa gwada ta da abin da ke kan kantoci sau ɗaya a shekara.

Masu son sayarwa kan ce ajiyar tana da tsada, kuma ko an bar kayan lalacewa za su yi. Akwai gaskiya a rabin maganar. Yanayin Kaduna yana wahalar da takarda: a watan Agusta laimar iska takan haura kashi 80, da hunturu ta faɗo ƙasa da 20. Da laima ta wuce kashi 65 ta daɗe a haka, hunhuna za ta fito, da ta bushe ƙayau kuma takarda da fata su yi ta karyewa. Amma maganin bai kai tsadar da ake zato ba. Na'urar sanyaya ɗaki da ke tashi tana mutuwa tare da wutar lantarki ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar nan ne ke sa takarda kumbura da motsewa har tawada ta ɓanɓare. Gara a zaɓi ɗaki na tsakiyar gini, wanda ba ya ƙarƙashin kwano kai tsaye, ba ya kusa da banɗaki ko bututun ruwa, a rufe tagoginsa daga rana da ƙura. Kantoci su zama na ƙarfe, kantar ƙasa ta ɗaga santimita 15 daga daɓe, a janye su daga bango tazarar tafin hannu saboda gara ta bango take hawowa. Kowane kundi a kwantar da shi cikin kwalinsa mara asid, kada a tsayar da shi, kada a ɗora fiye da uku ko huɗu. Kwalin nan shi ne ke rage masa kaifin sauyin yanayi. A rataya ƙaramar na'urar auna zafi da laima, a rubuta abin da ta nuna safe da yamma, da damina kuma a sa ƙwayoyin silika masu shan laima a cikin kabad, ana busar da su ana mayarwa.

Idan an ga garin takarda kamar tsaki a ƙarƙashin littafi, ko ƙananan huji sababbi, ƙwaro yana ciki. Kada a fesa masa maganin sauro ko fiya-fiya, yana ɓata takarda yana cutar da mai karatu. A sa littafin a leda mai kauri, a matse iska a liƙe, a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya cur, da sharaɗin wutar ba za ta yanke ba. In an fito da shi a bar shi a ledarsa yini guda har ya dawo zafin ɗaki, domin in an buɗe da wuri raɓa za ta sauka a kan tawada. Ɓarnar da ta fi ta ƙwaro kuwa ita ce ta mai kyakkyawar niyya: salatif a kan yagewa, wanda bayan 'yan shekaru yake zama tabo ruwan ƙasa, da laminatin, wanda ke gasa takarda cikin roba ba a iya fitar da ita, da ƙusar stefila mai tsatsa, da kai kundi wurin mai ɗinkin littafi ya datse gefensa, ya tafi da bayanan da malamai suka rubuta a gefen.

Ɗaukar hoto wajibi ne, a matsayin kariya ga na asali. Kyamara mai ƙwayar hoto miliyan 24 a kan maɗauki, da fitilu biyu marasa zafi, da ma'auni da katin launi a gefen kowane shafi, sun isa. A ajiye hoton a tsarin TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto, kada ya gaza ɗigo 300 a kowane inci. Kowane hoto zai kai wajen megabayit 70, wato shafi 10,000 zai ci kusan gigabayit 700. A yi kwafi uku, ɗaya a wani gari daban. Inda aikin yake lalacewa shi ne a sanya wa hotuna suna barkatai, ko a tara su a kwamfutar mutum ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki shi ke nan. Sunan kowane hoto ya ɗauki lambar kundi da lambar warƙa.

Kuɗin wannan aiki akwai inda ake nemansa. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu yana da kason bunƙasa ɗakunan karatu, kuma kwali da kanta da kyamara ba su kai kuɗin fentin babban zaure ɗaya ba. Ɗakin Karatun Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, ya kuma tallafa wa ayyuka a Arewacin Nijeriya, bisa tsarin cewa na asali yana zama a ƙasarsa. Tsofaffin ɗalibai da attajiran jihar nan za su fi saurin buɗe hannu idan aka ce musu ga kundi kaza, ga abin da gyaransa zai ci, za a rubuta sunan wanda ya ɗauki nauyi a jikin kwalin. Ana kuma iya karɓar kuɗi daidai gwargwado daga masu buga littattafai da masu shirya fina-finan tarihi da ke son hoto mai inganci, ba tare da an tsawwala wa ɗalibi ba.

Makarantar da ta auna ta ga ba za ta iya riƙo ba, akwai mafita mai mutunci. Ta miƙa kayan ajiya ga Gidan Arewa, ko Ɗakin Karatun Kashim Ibrahim da ke Zariya, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da jerin kayan, da tsawon lokaci, da haƙƙin ɗalibanta na zuwa su duba, bayan an sanar da iyalan da suka kawo su. Littattafan da aka buga da yawa kuma, waɗanda ake da kwafi biyar ko goma, ba mu ce kada a rage su ba. Sai dai kafin a kira littafi maimai a buɗe shi shafi-shafi, domin kwafin da wani malami ko wani tsohon shugaba ya yi rubutu a gefensa ba shi da na biyu. Abin da aka rage a fara tallata shi ga sauran makarantun jihar, kuɗin da ya fito kuma ya koma ɗakin karatu.

Muna roƙon kowace majalisa ta sa wannan magana a ajandar zamanta na gaba, ta zartar da cewa babu takarda ko littafin da ya haura shekara 50 da zai fita daga makaranta, ko da sunan shara ne, sai da sa hannun shugaban ɗakin karatu da amincewar majalisar malamai da ta gudanarwa. Ta kuma ba ɗakin karatunta wata shida ya kawo mata rajistar abin da ke hannunsa, ta ware masa kuɗin kwali da kanta kafin damina mai zuwa. Duk makarantar da ke buƙatar wanda zai horar da ma'aikatanta kan rajista da gyaran takarda, a cikinmu akwai masu zuwa su yi.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalamu alaikum.

Daga wasu ma'aikatan ɗakunan karatu da masu kula da tsofaffin takardu,
Kaduna.